BABI NA BIYU: TARIHIN KOYAR DA KWAMFUTA GA YARAN FIRAMARE, DAGA LOGO ZUWA MAKARANTAR GALADIMA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta shiga ajin ƙananan yara. Da yake tarihin yana da faɗi, an zaɓi a bi sawun harshen kwamfuta guda ɗaya mai suna Logo, wanda aka ƙirƙira musamman domin yara a shekarar 1967. Dalilin wannan zaɓi shi ne, daga Logo ne aka sami ra'ayin da ya haifar da shirin raba wa yara kwamfuta wanda aka gwada a wata makarantar firamare ta Abuja a 2007. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me ya sa wasu ƙasashe suka ci moriyar irin wannan shiri, wasu kuma suka kashe kuɗi ba tare da an ga sakamako ba?

2.1 Kwamfuta a Matsayin Malami

A farkon shekarun 1960 kwamfuta abu ce mai girman gaske da tsada, sai jami'o'i da manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati ne suke iya mallakarta. Duk da haka, tun a lokacin wasu masana a Amurka suka fara tunanin amfani da ita wajen koyarwa. A 1960 Donald Bitzer ya fara wani tsari mai suna PLATO a Jami'ar Illinois. A Jami'ar Stanford kuma Patrick Suppes da Richard Atkinson suka mai da hankali ga ƙananan yara. A 1966 suka girka kwamfuta ƙirar IBM 1500 a makarantar firamare ta Brentwood da ke East Palo Alto a jihar Kalifoniya, inda 'yan aji ɗaya suka riƙa koyon karatu da lissafi da ita.

Yadda ake yi shi ne, yaro zai zauna gaban allon na'urar da abin sauraro a kunnensa. Na'urar za ta yi masa tambaya, shi kuma ya taɓa amsa a jikin allon da wani alƙalami na musamman. In ya yi daidai ta wuce da shi gaba, in ya kuskure ta sake kawo masa wata tambayar mai sauƙi. Suppes ya yi imani da wannan hanya ƙwarai, har a wata maƙala da ya buga a 1966 ya yi hasashen cewa nan gaba kaɗan miliyoyin yara za su sami malami na kansu mai ilimi kamar yadda Iskandari ya sami Aristotle. Idan aka lura da kyau za a ga cewa a wannan tsari na'ura ce mai tambaya, yaro kuwa nasa amsawa ne kawai. Wannan shi ne abin da wasu masana suka ƙi amincewa da shi.

2.2 Papert da Samuwar Logo

An haifi Seymour Papert a Pretoria ta Afirka ta Kudu a 1928. Masanin lissafi ne, ya yi karatu a Jami'ar Witwatersrand da ta Cambridge. Daga 1958 zuwa 1963 ya yi aiki a Geneva tare da Jean Piaget, shahararren masanin nan na yadda tunanin yara yake bunƙasa. Abin da Piaget ya koyar shi ne, yaro da kansa yake gina iliminsa ta hanyar taɓa abubuwa da gwada su. Papert ya ɗauki wannan ra'ayi ya ƙara masa da cewa ginin ilimi ya fi ƙarfi idan yaro yana ƙera wani abu da ido zai gani, wanda zai iya nuna wa abokinsa, su yi gardama a kansa, ya koma ya gyara.

A 1963 Papert ya koma Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro Logo a kamfanin Bolt, Beranek da Newman. Sunan ya samo asali ne daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar magana ko tunani. Gwajin farko na tsawon shekara an yi shi a zangon karatu na 1968 zuwa 1969 a makarantar Muzzey da ke garin Lexington, da ɗalibai 'yan kimanin shekara 12. A lokacin wasa da kalmomi da jimloli ne yawancin abin da ake yi da shi. Bayan haka ne aka ƙaro abin da ya sa Logo ya yi suna, wato kunkuru.

Kunkurun nan wata 'yar na'ura ce mai taya, mai siffar ƙwarya a kife, da alƙalami a cikinta, an haɗa ta da kwamfuta da waya. Ana shimfiɗa takarda a ƙasa, yaro ya buga umarni, kunkuru ya yi tafiya yana zana layi a duk inda ya bi. Daga baya aka mai da shi ɗan hoto a jikin allon kwamfuta. Papert ya bayyana bambancin tsarinsa da na su Suppes da cewa a wancan kwamfuta ce take sarrafa yaro, a nasa kuwa yaro ne yake sarrafa kwamfuta.

2.3 Yadda Yaro Yake Aiki da Logo

Ya kamata a kawo misali domin a fahimci abin da ake nufi. Umarnin farko da yaro yake koya su ne na ci gaba, da ja da baya, da juyawa dama, da juyawa hagu. Idan yana son ya zana murabba'i, sai ya umarci kunkuru ya yi taku 100, sa'an nan ya juya dama da digiri 90, ya maimaita haka sau huɗu. Idan ya gaji da buga abu ɗaya sau huɗu, sai malami ya nuna masa umarnin maimaitawa. Daga nan zai iya raɗa wa wannan jerin umarni suna, kwamfuta ta riƙe shi, duk lokacin da ya kira sunan ta zana masa murabba'i. Ta haka yaro ya koya wa na'ura sabuwar kalma.

Wurin da ilimin yake shi ne inda aka yi kuskure. Yaron da yake son zana alwatika mai gefuna daidai yakan ce kunkuru ya juya da digiri 60, domin ya ji an ce kowace kusurwar cikinta 60 ce. Sai ya ga zanen bai rufe ba. A nan malami ba ya gaya masa amsa, sai ya ce ya tashi ya zama kunkurun, ya taka siffar da ƙafarsa a tsakar aji. Da ya taka zai ji a jikinsa cewa juyin da yake yi a kowace kusurwa ya fi haka yawa, kuma bayan juyi uku ya dawo yana fuskantar inda ya fara, wato ya yi cikakken zagaye na digiri 360. Kashi ɗaya cikin uku na wannan shi ne 120. Haka kuma zai gano cewa da'ira ba komai ba ce illa taku ɗaya da juyi ɗaya har sau 360. Papert yana ganin cewa yaron da ya saba da wannan zai daina jin tsoron kuskure, zai ɗauke shi a matsayin abin da ake nema a gyara. Waɗannan ra'ayoyi ne ya tattara a littafinsa mai suna Mindstorms wanda ya fito a 1980.

2.4 Yaɗuwar Logo a Shekarun 1980

Kafin ƙarshen shekarun 1970 Logo bai fita daga hannun masu bincike ba, saboda tsadar na'ura. Daga cikin gwaje-gwajen lokacin akwai na makarantar Lincoln da ke Brookline a zangon 1977 zuwa 1978, inda aka bi diddigin aikin yara 16 'yan aji shida, har da waɗanda karatu yake yi musu wuya. Fitowar ƙananan kwamfutoci irin su Apple II ita ta buɗe ƙofa. A 1980 kamfanin Texas Instruments ya sanya kwamfutoci 50 a makarantar Lamplighter ta birnin Dallas domin gwada Logo da ƙananan yara. A 1983 kamfanin Apple ya ba makarantun Kalifoniya kyautar kwamfutoci kimanin 9,000.

Gwamnatocin Turai su ma ba a bar su a baya ba. A Birtaniya an fito da kwamfutar BBC Micro a 1981, kuma daga 1982 gwamnati ta riƙa biyan rabin kuɗin kwamfuta ɗaya ga duk makarantar firamaren da ta nema. A Faransa, Firayim Minista Laurent Fabius ya ƙaddamar da wani babban shiri a 1985 wanda ya kai kwamfutoci fiye da 100,000 makarantu, yawancinsu na kamfanin Thomson, kuma Logo na cikin abubuwan da aka ɗora musu, an fassara umarninsa zuwa Faransanci. Horon da aka ba malamai a wannan shiri gajere ne ƙwarai, kuma cikin 'yan shekaru aka jingine shi.

Nahiyar Afirka ta shiga wannan tarihi tun da wuri. A 1982 Papert da Nicholas Negroponte, suna aiki da wata cibiyar kwamfuta da gwamnatin Faransa ta kafa a Paris, sun kai kwamfutocin Apple II birnin Dakar na ƙasar Senegal, inda yaran firamare suka yi aiki da Logo. Amma ƙasar da ta fi kowa riƙe shirin da kyau ita ce Kosta Rika. A zamanin Shugaba Oscar Arias aka kafa Gidauniyar Omar Dengo a 1987, a 1988 kuma aka fara koyar da Logo a makarantun firamare na gwamnati, har da na karkara da na unguwannin talakawa. Abin da ya bambanta Kosta Rika shi ne ta fara da horar da malamai, ta kuma ci gaba da bibiyarsu kowace shekara. Shirin ya rayu fiye da shekara 30.

A Nijeriya kuwa, a zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi ne aka fito da manufar ƙasa kan ilimin kwamfuta a 1988. Sai dai gwajin ya tsaya ne a kwalejojin gwamnatin tarayya. Makarantun firamare na ƙananan hukumomi, inda mafi yawan yaran ƙasar suke, ba su ga komai ba.

2.5 Suka da Ja da Baya

Da Logo ya yaɗu sai masana suka fara auna alƙawarin da aka yi a kansa. A 1984 Roy Pea da Midian Kurland na Kwalejin Bank Street da ke New York suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan yaran da suka yi kimanin shekara ɗaya suna amfani da Logo. Sun ba su aikin tsara yadda za a yi share-share da kintsa aji ta hanya mafi sauƙi, sa'an nan suka kwatanta su da yaran da ba su yi Logo ba. Ba su sami wani bambanci ba. A wannan shekarar kuma Douglas Clements da Dominic Gullo suka yi nasu binciken da yara 18 'yan shekara shida, inda aka koyar da Logo a ƙananan rukunoni ƙarƙashin kulawar malami. Su kuma suka ga yaran sun ƙaru wajen yin tunani kafin amsa da kuma kawo sababbin dabaru.

Idan aka haɗa waɗannan bincike biyu za a ga cewa ba su saɓa wa juna ba. A na farko an bar yara su gano abubuwa da kansu, a na biyu kuwa akwai malami a kusa yana jan hankalinsu ga abin da suke yi. Shi kansa Papert ya mayar da martani da cewa kuskure ne a tambayi abin da Logo yake yi wa yaro, tamkar magani ne da ake haɗiya, domin amfaninsa ya dogara ga mutanen da yanayin da ake aiki da shi. Wannan amsa tana da gaskiya, amma ta bar baya da ƙura, domin iyaye da hukumomin da suka sayi na'urorin sun saya ne bisa zaton cewa na'urar da kanta za ta kawo canji.

A shekarun 1990 yawancin makarantu suka tattara kwamfutocinsu a ɗaki ɗaya, aka ware wa kowane aji ɗan lokaci a mako, darasin kuma ya koma koyon buga rubutu da amfani da manhajojin ofis. Papert ya koka da wannan a littafinsa The Children's Machine na 1993, inda ya nuna cewa makaranta ta killace kwamfuta ta mai da ita darasi kamar sauran darussa. Larry Cuban na Jami'ar Stanford, a littafinsa Oversold and Underused na 2001, ya nuna cewa ko a makarantun yankin da ake ƙera kwamfuta a Kalifoniya, malamai kaɗan ne suke amfani da ita a koyarwarsu ta yau da kullum.

2.6 Kwamfutar Dala 100

Magoya bayan Papert sun ɗauka cewa matsalar ita ce ƙarancin na'ura. A ganinsu, da kowane yaro yana da tasa, yana tafiya da ita gida, da makaranta ba ta iya killace ta ba. A watan Janairu na 2005 Negroponte ya sanar a taron Davos cewa za a ƙera kwamfutar hannu ta dala 100 domin yaran ƙasashe masu tasowa. Aka kafa ƙungiya mai suna One Laptop per Child, ma'ana kowane yaro da kwamfutarsa. A watan Nuwamba na shekarar aka nuna samfurinta a birnin Tunis tare da Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Na'urar, mai suna XO, kore da fari ce, ana iya karanta allonta a cikin rana, ba ta cin wuta sosai, kuma a cikinta akwai wasan kunkuru wanda ya samo asali daga Logo. Da aka fara ƙera ta da yawa a ƙarshen 2007 kuɗinta ya kai kimanin dala 188.

Ƙasar Yurugwai ta fara nata shirin mai suna Ceibal a 2007, kuma a 2009 ta gama ba kowane ɗalibin firamaren gwamnati kwamfuta, tare da haɗa makarantu da intanet da kafa hukumar da take kula da gyara. Ƙasar Peru ta sayi fiye da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun karkara 319 na Peru bayan wata 15 da raba na'urorin. An sami cewa yara sun iya sarrafa kwamfuta, kuma sun ɗan ƙaru a gwajin kaifin tunani, amma ba a ga ƙari a lissafi ko a harshe ba. Yawancin waɗannan makarantu ba su da intanet, kuma horon da malamansu suka samu bai taka kara ya karya ba.

2.7 Gwajin Makarantar Galadima

Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awar shirin. Gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta nuna niyyar sayen kwamfutoci miliyan ɗaya. A watan Maris na 2007 aka fara gwaji a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, inda aka raba kimanin 300 ga ɗaliban manyan azuzuwa da malamansu. Sai da aka samar wa makarantar janareta da hanyar intanet ta tauraron ɗan'adam kafin aikin ya yiwu. 'Yan jaridar da suka ziyarci makarantar sun ba da labarin yadda yara suka ƙware da wuri, har wasu daga cikinsu suka koyi kwance na'urar suna gyara wa 'yan'uwansu.

Matsaloli ba su daɗe ba suka kunno kai. A watan Yuli na 2007 Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya ya ba da rahoton cewa wasu yara suna shiga shafukan batsa da na'urorin, abin da ya sa aka sanya musu matattara. Kafin ƙarshen shekara, rahoton BBC ya nuna cewa fiye da 40 daga cikin na'urorin sun lalace ko sun ɓata. A watan Nuwamba wani kamfani mai suna Lancor ya kai ƙungiyar ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Legas, yana zargin an kwaikwayi tsarin madannansa masu haruffan harsunan Nijeriya, zargin da ƙungiyar ta musanta. Bugu da ƙari, gwamnati ta canza a watan Mayu na wannan shekara. Sabon ministan ilimi, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito fili ya tambayi hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerun zama, ba su da kayan makaranta. Daga ƙarshe ba a sayi miliyan ɗayan ba.

Mai nazari yana ganin cewa tambayar ministan tana kan hanya, domin masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma ba ta isa ta zama hujjar barin lamarin gaba ɗaya ba, domin Kosta Rika da Yurugwai ba manyan ƙasashe masu arziki ba ne. Abin da gwajin Galadima ya rasa shi ne hukumar da za ta ɗauke shi a matsayin nata bayan masu kawo shi sun tafi, ta biya kuɗin mai da na intanet, ta horar da malamai, ta kuma haɗa na'urar da abin da ake koyarwa a aji. A daidai wannan lokaci ne hukumar NERDC ta sanya ilimin kwamfuta a cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda aka fara aiki da ita a 2008. Sai aka wayi gari darasin yana cikin manhaja, na'urar kuwa babu ita a yawancin makarantun gwamnati, malami yana zana hotonta a kan allo yara suna kwafa.

2.8 Dawowar Ra'ayin Papert

Ra'ayin bai mutu ba. A 2007 Mitchel Resnick, wanda ɗalibin Papert ne, ya fito da Scratch a MIT. A maimakon buga umarni, yaro yana jawo su ne kamar tubala yana haɗawa, don haka kuskuren rubutu ba ya tsai da shi. An fassara Scratch zuwa harsuna masu yawa, daga cikinsu akwai Swahili da Zulu da Hausa. A 2014 aka fito da ScratchJr domin 'yan shekara biyar zuwa bakwai. A Ingila, bayan wani rahoto da ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta fitar a 2012 wanda ya soki yadda darasin kwamfuta ya koma koyon manhajojin ofis, gwamnati ta canza manhaja. Daga watan Satumba na 2014 aka wajabta wa yara tun daga shekara biyar su koyi tsara umarni da gyara kuskurensa. Papert ya rasu a 2016, bayan ya daɗe yana fama da raunin da ya samu a haɗarin babur a birnin Hanoi a 2006.

2.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa tun daga shekarun 1960 akwai hanyoyi biyu na kai kwamfuta ajin yara: ko na'ura ta riƙa yi wa yaro tambaya, ko yaro ya riƙa ba na'ura umarni. An kuma ga cewa a duk inda aka auna sakamako, daga Bank Street zuwa Peru, yawan na'urori bai taɓa zama abin da ya yanke hukunci ba. Inda aka horar da malami aka kuma ci gaba da tallafa masa, shiri ya ɗore. Inda aka sauke kaya aka juya baya, ya mutu cikin 'yan shekaru. Har ila yau, tarihin ya nuna cewa darasin farko na Logo, wato yaro ya taka siffa da ƙafarsa yana lissafin juyi, ana iya yin sa a filin makaranta da harshen uwa ko da babu wutar lantarki. A kan wannan batu na harshen koyarwa ne babi na gaba zai mai da hankali.